A HORAR DA MALAMI YA YI AIKI DA HARSHEN DA YARO YA ZO DA SHI

A watan Nuwamba na shekarar 2025 Ministan Ilmi na Tarayya, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwa a Abuja cewa an soke manufar koyar da 'yan makarantar firamare da harshen uwa, kuma Turanci ne zai zama harshen koyarwa tun daga ajin share fage har zuwa jami'a. Hujjar da ya kafa ita ce yawan faɗuwar ɗalibai a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a sassan ƙasar nan da suka fi riƙo da harshen gida. Idan ba a manta ba, shekara uku kacal kafin wannan sanarwa, watau a ƙarshen Nuwamban 2022, Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta zartar da akasin haka, ta ce a koyar da yaro da harshen uwa dukan shekaru shida na firamare. Ministan wancan lokaci, Malam Adamu Adamu, bai ɓoye ba a ranar, ya ce shirin ba zai kankama ba sai an sami lokacin tanadin littattafai da malamai.

Tun da aka yi wannan juyi masana da iyaye da 'yan jarida suke ta musu, waɗansu suna yaba wa gwamnati, waɗansu suna cewa an koma gidan jiya. Amma duk musun nan ya tsaya ne a kan tambaya ɗaya, watau wane harshe za a rubuta a takardar manufa. An yi tuya an manta da albasa. Mutumin da zai tsaya gaban allo gobe da safe, da alli a hannunsa, yara tamanin ko ɗari sun zuba masa ido, ba a cika tambayar abin da aka koya masa ba. Kowane harshe hukuma ta zaɓa, yaro ɗan shekara shida da harshen gidansu zai shigo aji, ba shi da wani. Abin da ya rage shi ne ko malaminsa ya san yadda zai kama wannan harshe ya yi aiki da shi har ya kai yaron ga harshen da ake so ya koya, ko kuwa bai sani ba. A nan gizo ke saƙar.

Duk wanda ya taɓa leƙa ajin firamare a ƙauye ko a unguwar talakawa ya san yadda darasin Turanci yake gudana. Malam ya rubuta jimla a allo, ya karanta, yara su amsa gaba ɗaya, ya sake, su sake, har su haddace. Ya ce, "Kun gane?" Su ce, "E, Malam." Idan aka ware yaro ɗaya aka tambaye shi ma'anar abin da ya gama rerawa, sai ya sunkuyar da kai. Malamin da ya ga haka, in mai tausayi ne, sai ya juya zuwa Hausa ko Fulatanci ko Kanuri ya yi bayani. Amma a sace yake yi, yana waiwayen taga kada hedimasta ko mai duba makarantu ya ji shi, domin tun yana ɗalibi aka cusa masa cewa yin yare a aji gazawa ce. Har yau akwai makarantun da ake cin tarar yaro, ko a tsala masa bulala, don kawai ya yi magana da harshen iyayensa.

Ashe ke nan amfani da harshen yaro a aji ba baƙon abu ba ne da sanarwa za ta kawo ko ta kawar. Kullum ana yin sa, sai dai ba tsari, ba horo, kuma cikin jin kunya. Wani malamin yakan fassara kowace jimla da ya faɗa, har yara su daina sauraron Turancin, su zauna jiran fassara. Wani yakan gauraya harsunan biyu a cikin jimla ɗaya, yaro ya tashi ba shi ga tsuntsu ba shi ga tarko. Wani kuwa yakan yi bayani da harshen masu rinjaye, ya manta da yara goma da ke bayan aji waɗanda harshen gidansu dabam ne. Babu ɗaya daga cikinsu da ya yi haka don mugunta. Ba a nuna musu wata hanya ba ne.

Wannan giɓi ya daɗe. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a kewayensa, sannan a koma Turanci. Daga baya aka fayyace cewa shekara uku na farko ake nufi, Turanci ya karɓa daga aji huɗu. Amma manufar ta zo ne daidai da shirin ba da ilmin firamare kyauta, watau UPE, wanda Janar Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar a watan Satumba na 1976. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga kimanin miliyan 3 sun bayyana. Aka shiga neman malamai ido rufe, aka buɗe kwasakwasan gaggawa, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna. A wancan hali abin da ya dami hukuma shi ne a sami mai tsayawa gaban kowane aji, maganar harshen da zai yi amfani da shi kuwa aka bar ta sai hali ya yi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan ƙura ta lafa ma ba a koma an gyara ba. An daina ba da takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu, takardar NCE ta zama mafi ƙarancin abin da ake nema ga malamin firamare. Amma galibi ɗalibin kwalejin ilmi da Turanci ake koya masa, da Turanci yake rubuta jarrabawa, da Turanci ake duba shi a lokacin gwajin koyarwa, sannan a tura shi ƙauye a ce ya koyar da harshen gida. Wanda ya karanta Hausa ya fito da nahawu da adabi, ya iya koyar da Hausa a matsayin darasi. Wanda ya karanta Turanci ya fito da nahawun Turanci. Yadda za a yi gada tsakanin harshen da yaro ya sani da wanda bai sani ba, wannan ba a mai da shi fanni mai zaman kansa da kowane malami zai ci jarrabawarsa ba.

Saboda haka ya kamata a yi hattara wajen ɗora wa harshen uwa laifin faɗuwar jarrabawa. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2023 yana aji uku ne lokacin da aka soke manufar 2022, bai san ƙofar ɗakin jarrabawar WAEC ba. Waɗanda suka zauna jarrabawar a 2025 sun shiga firamare kimanin shekara goma sha biyu kafin nan, suka bi ta hannun malaman da ba a horar da su a kan koyarwa da harshen gida ba, kuma da yawansu Turancin ma bai zauna musu ba. A 2017, da gwamnatin Jihar Kaduna ta jarraba malamanta na firamare da tambayoyin 'yan aji huɗu, 21,780 daga cikin kimanin 33,000 sun kasa samun maki 75 cikin 100. Damuwar Ministan game da raunin Turancin ɗalibai gaskiya ce, babu mai musun ta. Amma idan aka ce wa malami mai raunin Turanci ya yi Turanci zalla ga yaran da ba sa jin sa, abin da za a samu shi ne ƙarin hadda da rerawa.

Ƙasar nan ta riga ta gwada wata hanya, kuma sakamakon yana nan a rubuce. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara wani gwaji a makarantar St. Stephen da ke Modakeke. An koyar da yara dukan darussa da Yarbanci har shekara shida, Turanci kuwa aka mai da shi darasi. Da aka auna, yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a sauran darussa kuwa sun fi su. Mutane sukan ambaci wannan sakamako su tsaya nan, su manta da aikin da aka yi kafin a same shi. An sake horar da malaman, an zauna an rubuta littattafai, an ƙirƙiro kalmomin lissafi da kimiyya a Yarbanci, kuma a ajin gwaji na farko an ware ƙwararren malami shi kaɗai don darasin Turanci. Da harshen da malamin da aka shirya masa, su biyun ne suka yi aikin tare.

Mai yiwuwa wani ya ce ai Ife ƙasar harshe ɗaya ce, ina ruwan wannan da jihar da ake harsuna talatin ko hamsin. Amsar tana tsohuwar Jihar Ribas. A shekarar ta 1970 aka fara shirin wallafa littattafan koyon karatu a can, a ƙarƙashin masana irin su Farfesa Kay Williamson da Farfesa E. J. Alagoa, har aka fitar da littattafai a harsuna kimanin ashirin. Kowane harshe aka kafa masa kwamiti na masu shi, suka daidaita rubutunsa, kuma littafin yaro yakan zo da na jagoran malami. Ba kuɗi mai yawa aka kashe ba. Abin da aka sa shi ne haƙuri da shawara da mutanen gari.

A Arewa ma ba sai an je aro ba. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 da Hausa ta fara, haka kuma makarantun elemantare na En'e da suka biyo baya. Daga cikin waɗanda suka bi wannan hanya suka isa Kwalejin Katsina har da Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Turawa da kansu suka yi wa shaidar fasahar Turanci. Gaskiya ne su 'yan kaɗan ne, zaɓaɓɓu, amma sun isa shaida cewa fara karatu da harshen gida ba ya toshe ƙofar Turanci.

Kafin Ɗan Hausa ma akwai makarantar zaure. Malami yakan karanta Ahalari ko Iziyya ko Risala gaɓa gaɓa, ya faɗi Larabcin, ya bi shi da Hausar, almajiri ya maimaita, har ya kai ga karanta Larabci da kansa. A Borno malamai suna da Tarjumo, tsohon harshen da suke fassara Alƙur'ani da shi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta horar da jajis suka kai karatu ga matan karkara da harshen da suke ji. Abin lura a nan shi ne fassarar zaure tana da ƙa'ida, kuma almajiri yakan koyi ƙa'idar daga malaminsa kamar yadda yake koyon littafin. Magabata sun ɗauki amfani da harshen ɗalibi sana'a ce da ake koya. Makarantar boko ce ta mai da shi abin yi a ɓoye.

To, me za a koya wa malamin? Farko dai ya san harshen ɗalibinsa sanin mai gyara, ya san inda ya yi daidai da harshen da ake koya da inda suka saɓa. Kalmar firamare kanta darasi ce. Bahaushe ya karɓo ta daga Turanci, ya mai da "p" ta zama "f" domin Hausa ba ta bambanta su, ya kuma cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu, kamar yadda ya yi a burodi da direba. Malamin da ya san haka ya san tun kafin ya shiga aji inda harshen yaro zai yi tuntuɓe, zai tanadi atisaye a kansa maimakon tsawa. Haka kuma yaron da ya iya karanta Hausa ba sai an sake koya masa haɗa baƙi da wasali ba, domin karatu sau ɗaya ake koyon sa. Abin da yake bukata shi ne a nuna masa inda ƙa'ida ta sauya, alal misali harafin "c" na "ci" da "cuta" ba haka yake fita a Turanci ba.

A nahawu ma haka abin yake. Hausa tana bambanta shi da ita, har ma kai da ke, inda Turanci yake da kalma ɗaya. Fulatanci da Yarbanci da Kanuri kuwa ba sa raba namiji da mace a wakilin suna. A Kanuri kalmar "shi" ita ce ta namiji, ita ce ta mace. Malami Bahaushe da bai san wannan ba, idan ya ji yaro Bakanure ya kira yarinya "shi", sai ya ɗauka daƙiƙanci ne, alhali yaron ƙa'idar harshensa ya bi. Ko a ƙidaya akwai abin kamawa. Bahaushe yakan ce ashirin ba ɗaya yana nufin goma sha tara, Bayarabe yakan kira goma sha biyar ashirin ba biyar, Bafulatani kuwa shida a wurinsa biyar da ɗaya ce. Yaran nan sun shigo aji da tarawa da ɗebewa a bakinsu, malami mai horo ne kawai zai gane ya ɗora a kai.

Abu na biyu shi ne sanin lokaci da gwargwado. Malami mai horo yakan shirya tun a takardar darasi inda zai yi amfani da harshen gida da inda ba zai yi ba. Yakan buɗe darasi da harshen da yara suke ji don su san inda aka dosa, ya koma harshen da ake koya a yi ta atisaye da shi ba tare da fassara ba, sannan a ƙarshe ya nemi yaro ya faɗi abin da ya fahimta da harshensa, domin a nan ne ake gane wanda ya gane da wanda ya haddace. Kuma yakan rage kason harshen gida sannu a hankali, daga aji zuwa aji, yadda yaro zai isa sakandare da ƙafafunsa biyu. Wannan ya sha bamban da gaurayen da ake yi yanzu.

Abu na uku, wanda ya fi wuya, shi ne ajin da harsuna suka taru. A Jos ko Yola ko Kafanchan ko Sabon Garin Kano, aji ɗaya yana iya ɗaukar harsuna biyar ko fiye, haka kuma a Maiduguri, inda rikicin Boko Haram ya tattaro yara daga ƙauyuka dabam dabam. Babu malamin da zai iya dukansu, kuma ba a neman ya iya. Abin da ake nema shi ne ya san dabarun da ba sa bukatar haka. A makon farko ya rubuta harshen gidan kowane yaro a gefen sunansa. Idan ya ba da aiki, ya bar masu harshe ɗaya su tattauna a tsakaninsu da harshensu, sannan su kawo amsa da harshen aji. Ya kafa jerin kalmomi a bango, kowace kalma da takwarorinta a harsunan yaran, iyaye da 'yan manyan azuzuwa su taimaka wajen cikawa. Ya koyi gaisuwa da 'yan kalmomin umurni a kowane harshe. Yaron da ya ji malam ya gaishe shi da harshen uwarsa ya san cewa shi ma ɗan ajin ne, kuma bakin da ya buɗe da gaisuwa ya fi saurin buɗewa da tambaya.

A nan wajibi ne a faɗa wa masu jin Hausa wata gaskiya. Kalmar "harshen da ake yi a kewaye" ta sa a wurare da yawa na Arewa an ɗauka Hausa ce harshen kowa. Ba haka ba ne. Yaron Zaar a Tafawa Ɓalewa, da na Tangale a Ɓilliri, da na Bade a Gashuwa, da na Bachama a Numan, da ɗan Fulanin da ya taso a ruga, mai yiwuwa sun iya Hausar ciniki da wasa, amma Hausar kasuwa dabam take da harshen da yaro yake tunani da shi. A wurinsu malamin Hausa malamin harshe na biyu ne, kuma yana bukatar horon nan kamar yadda malamin Turanci yake bukata. Bai kamata Hausa ta yi wa ƙananan harsuna abin da masu ita suke kukan Turanci ya yi mata ba. Su ma Hausawa suna da 'ya'ya a Sabo ta Ibadan da Agege ta Legas, suna zaune a ajin da ba harshensu ake yi ba. Abin da suke so a yi wa waɗancan, shi ya kamata su yi wa 'ya'yan maƙwabtansu.

An ga alamun abin da horo yake iya yi a 'yan shekarun baya. A jihohin Bauci da Sakkwato shirin "Mu Karanta!" ya ba malamai littafin jagora, ya koya musu fara karatu da Hausa sannan a shiga Turanci, ana bin su aji ana gyara musu. A Jihar Kano an gwada koyar da Turanci ta hanyar jingina shi da Hausa a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa daga 2019. Amma duk waɗannan da kuɗin baƙi aka yi su, kuma hukumar Amurka ta USAID, wadda ta ɗauki nauyin na Bauci da Sakkwato, ita kanta an rufe ta a 2025. Darasin Jamhuriyar Nijar ma yana kusa. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai harshe biyu a Damagaram, daga baya aka faɗaɗa zuwa Zabarmanci da Fulatanci da Kanuri da harshen Buzaye, amma makarantun suka yi shekaru aru-aru suna amsa sunan gwaji. Duk shirin da bai shiga manhajar kwalejin horon malamai da kasafin kuɗin gwamnati ba, ranar da mai ba da taimako ya naɗe tabarmarsa ranar yake mutuwa.

Iyaye da yawa suna tsoron kada harshen gida ya hana 'ya'yansu Turanci, su ga 'ya'yan masu hali na makarantun kuɗi sun wuce su. Tsoronsu yana da dalili, domin da Turanci ake jarrabawa, da shi ake neman aiki. Amma ɗan mai hali yana jin Turanci a gida da talabijin da littattafai, ɗan manomi kuwa a bakin malam kaɗai yake jin sa. Idan aka hana malam yi masa bayani da abin da yake ji, tazarar da ke tsakaninsu ƙaruwa za ta yi. Masu cewa harsunan Nijeriya sun fi 500, ba za a iya ba, su ma a tuna musu cewa babu makarantar da take da harsuna 500. Kowace tana da nata 'yan kaɗan, kuma masu jin su suna nan a garin.

Don haka ga abin da ya wajaba. Na farko, Hukumar Kula da Kwalejojin Ilmi ta Ƙasa da tsangayoyin ilmi na jami'o'i su mai da koyarwa a aji mai harsuna da yawa darasi na tilas ga duk mai shirin zama malamin firamare da duk malamin harshe, na Turanci ne ko Hausa ko Larabci ko Faransanci. A gwajin koyarwa a duba ɗalibi yana gudanar da darasi guda da harshen yara da Turanci bisa tsari, a ba shi maki a kai. Majalisar Rajistar Malamai ta sa shi a jarrabawarta.

Na biyu, malaman da ke bakin aiki su ne mafi yawa, kuma ba za a jira su yi ritaya ba. Hukumomin ilmin bai-ɗaya na jihohi, tare da Cibiyar Malamai ta Ƙasa, su yi amfani da kason horon malamai da ke zuwa daga UBEC su shirya kwas a lokacin hutu, gunduma gunduma, a kuma bi malami har ajinsa a ga yadda yake yi. Taron kwana uku a otal, a raba alawus a watse, ba horo ba ne. A fara da hedimastoci da masu duba makarantu, domin muddin su ba su gamsu ba, malami zai ci gaba da waiwayen taga.

Na uku, kowace Ma'aikatar Ilmi ta jiha ta ƙara tambayar harshen gida a ƙidayar makarantu da ake yi kowace shekara, ta kuma yi la'akari da ita wajen ɗauka da tura malamai, musamman na aji ɗaya zuwa uku. Inda wani harshe ba shi da malamai, a zaɓo 'ya'yan masu shi a ɗauki nauyin karatunsu a kwaleji, da sharaɗin su dawo gida su koyar.

Na huɗu, a fito da aikin da aka riga aka yi. Tun a shekarun 1980 aka wallafa jerin kalmomin kimiyya da lissafi na firamare a harsunan Nijeriya tara, ciki har da Hausa da Fulatanci da Kanuri. Akwai ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin Hausa da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, akwai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Malaman ƙauye nawa ne suka taɓa riƙe ɗaya daga cikinsu? A sake buga su da araha, a kuma ɗora wa sassan nazarin harsuna na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Jos aikin taimaka wa ƙananan harsuna su sami littafin farko, bisa tafarkin kwamitocin Ribas.

Na biyar, Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta fitar da takardar umurni mai bayyana cewa mai da Turanci harshen koyarwa ba ya nufin an haramta wa malami yin bayani da harshen da yaro yake ji, a kuma hana cin tara da bulala a kan yare. Jihohi ma ba sai sun jira Abuja ba, domin tsarin mulkin ƙasa ya ba su hurumi a harkar ilmi, kuma makarantun firamare a hannunsu da na ƙananan hukumomi suke. Sannan a riƙa auna karatun 'yan aji uku da harshen gida da Turanci, a bayyana wa jama'a sakamakon, don in za a sake sauya manufa a sauya ta bisa abin da aka gani a aji.

Daga 1977 zuwa 2025 an rubuta manufa, an gyara, an faɗaɗa, an soke, malami kuwa yana nan inda aka bar shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaran da ke aji ɗaya bana ba za su tsaya jiran manya su gama musu ba. Gwamnatocin jihohi, waɗanda 'ya'yan talakawansu ne abin ya fi shafa, su ya kamata su fara. Su kira shugabannin kwalejojin ilminsu da na hukumomin firamare su zauna, su fitar da manhaja da jadawalin horo, su sa masa kuɗi a kasafin shekara mai zuwa.